Kakar da Muka Rufe Gwiwa

Idan wata rana masana suka zauna rubuta tarihin wasan ƙwallo a ƙasar Hausa, suka tsallake kakar da muka buga a Dutse, to su sani sun yi gini ba harsashi. Na karanta labarin yaƙe-yaƙe da na dauloli gwargwadon abin da ya zo hannuna, na kuma koyar da wasu daga ciki har furfura ta cim mini, amma ban ga inda mutum goma sha ɗaya suka ɗauki nauyi irin wanda muka ɗauka ba, kuma ba ko takalmi a ƙafarsu.

A lokacin Dutse ba ta san abin da za ta zama ba. Garin hakimi ne a ƙarƙashin Kano, duwatsu a bayansa, dabino a gabansa, wuraren da gidaje suka cika yau a Takur da Yalwawa yawancinsu gonaki ne. Turawa suka buɗe wani ɗan aji na horar da yaran da suka gama elemantare, don a tura su ƙauyuka koyarwa. Mutanen gari suka sa masa suna kwaleji. Mu da muka san ɗaki biyu ne na ƙasa da rumfar kara, ba mu yi musu gyara ba.

Shugaban wurin wani Bature ne dogo, wanda ya yi imani ba wani mugun hali a jikin yaro da ƙwallo ba za ta warkar ba. A littafi ya koyi Hausa, don haka ko ruwa zai ce a kawo masa sai ka ji kamar ana karanta sanarwar sarki. Shi ya zo da ƙwallon, ta fata mai ɗinki da igiya a baki, mu tamaula muke ce mata. Ya kafa doka: wanda ba ya ƙwallo ba ya aji. Filinmu kuwa gonar gyaɗar wani dattijo ce. Ranar da ya gama cirar gyaɗa muke shiga mu baje ta da fartanya, mu kafa azara biyu a kowane gefe, mu ɗaura igiya a sama. Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas yake karɓar abarsa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu shi ne kakar wasa.

Mai tsaron gidanmu a filin ƙwallo abokina ne tun muna makarantar allo, kuma ɗan fari ne ga Malam, wanda ya koya mana karatu mu duka. Yaran yanzu da iyayensu maza suke ɗora su a kafaɗa su zaga da su kasuwa ba za su gane ba sai an yi musu bayani. A wancan zamani mutumin kirki ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yi masa magana kai tsaye a gaban mutane, ba ya ma ɗaga ido ya kalle shi. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, kuma Malam ya riƙe ta kamar yadda ya riƙe alwala. Ita ce ma ta kawo abokina boko. Da manzon hakimi ya zo neman yaro ɗaya daga gidan, Malam ya roƙar wa ƙananan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu: wannan ba shi da ƙoshin lafiya, wannan ya kusa sauka. Da aka zo kan babban sai bakinsa ya rufe. Abin da ya iya kawai shi ne ya karɓi alkawari daga hakimi, cewa duk ranar da makarantar ta sa yaron abin da shari'a ta hana, za a mayar masa da shi.

Abokina ya shiga da kuka, amma kafin shekara ta zagayo ba wanda ya kai shi son wurin. Taswira ce ta kama shi. Yakan tsaya gabanta bayan an tashi, yana bin kogi da yatsa har teku. Duk cikinmu shi kaɗai ne yake son zama malamin makaranta don koyarwar kanta, sauranmu keken da ake ba malamai muke hange.

Wasanmu na farko da 'yan doka muka yi, cikin gajeren wandon kaki irin na makaranta. Rabin gari ya fito kallo. Kafin magariba labari ya isa zauren Malam, kuma kamar yadda labari yake yi, a hanya wandon ya ƙara gajarta. Washegari bayan la'asar aka ce Malam yana kirana. Na tarar da shi a kan buzu, abokina kuma yana zaune can lungun zauren, kansa a ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi.

"An ce kuna bin wata fata da gudu a gonar gyaɗa," in ji Malam.

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam. Motsa jiki ne."

"Ban hana kowa motsi ba. Daga ina zuwa ina ne al'aurar namiji?"

"Daga cibiya zuwa gwiwa."

"Wa ya koya maka?"

"Ku ne, Allah ya gafarta Malam."

"To, ashe tawadata ba ta tafi a banza ba. Wandon naku a ina ya tsaya?"

Na sa yatsa a cinyata. Na yi ƙoƙarin saukar da yatsan ƙasa kaɗan, amma Malam yana kallo, sai na mayar da shi inda gaskiya take. 

"Ka gaya wa abokin nan naka," ya ce, "Juma'a mai zuwa zan je wurin hakimi in karɓi alkawarina."

Abokin nan nawa yana nan zaune, tsakaninsu bai kai tsawon tabarma biyu ba. Da muka fito na ce masa, "Ka ji, ko sai na isar da saƙo?"

"Isar mana," ya ce. "Ai kai aka aika." Ya yi dariyar yaƙe.

Abin ya zama ba mafita. In ya sa gajeren wando, Malam zai cire shi. In ya bar ƙwallo, Bature zai kore shi. Muka je wurin Baturen da safe, ni nake magana, abokina yana murza hularsa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya jingina da kujera, ya ce abin mamaki ne, domin a ƙasarsu ma, zamanin da mahaifinsa yake saurayi, 'yan ƙwallo ba sa barin gwiwa a waje. Ya ce ya yarda a tsawaita wando, amma da sharaɗi: ƙungiya ɗaya, tufa ɗaya. Ko kowa ya sa, ko ba mai sawa.

Muka tara sauran a ƙarƙashin rumfa. Wanda ya fi tayar da jijiyar wuya wani yaro ne daga wajen Haɗeja, ɗan masunta, wanda ya fi kowa gudu a cikinmu.

"Ni da na tashi da bante a bakin kogi, yau za a zuba ni a buhu don uban wani?" ya ce.

"Ba wanda ya tilasta ka," in ji abokina. "Sai dai in na tafi, kai za ka tsaya tsakanin azara."

Ɗan masuntan ya tuna yadda wani ƙaton ɗan doka ya dirka wa ƙwallon nan ƙafa, da irin ƙarar da ta yi a ƙirjin abokina. Ya sosa ƙeya.

"A auna ni da fari," ya ce. "Amma wallahi in aka yi mini dariya, kai zan rama a kanka."

Telan da muka samu a kasuwa bai taɓa ɗinka wandon da ya tsaya a tsakiyar hanya ba, kuma bai ɓoye mana cewa abin bai kwanta masa ba. Ya yanka farin akoko yadda ya saba, da faɗi da yalwa, sa'an nan ya datse shi a ƙasan gwiwa, ya zura mazagi. Abin da ya fito ba gajere ba ne, ba dogo ba ne. In iska ta shiga ciki sai ka ga yaro ya kumbura kamar salka. Kuma yana da wani aibi da muka gano a atisayen farko: muddin ka ɗaga ƙafa sosai don ka yi bugu mai ƙarfi, ƙafar wandon sai ta zame ta koma har cinya. In kana son sutura, sai ka buga ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mai korar kaza.

Na kai wa Malam wandon ya gani. Ya juya shi, ya auna da kamu, ya miƙo mini.

"A hannu ya isa," ya ce. "A jikin mai gudu ban sani ba. Na ɗage zuwa wurin hakimi, ban fasa ba. Zan zo in duba da idona."

"Yaushe, Allah ya gafarta Malam?"

"Ranar da na zo za ka gan ni."

Haka muka buga kakar nan duka, ido ɗaya a kan ƙwallo, ɗaya a kan hanyar da ta fito daga gari. Muka kara da 'yan aikin hanya, waɗanda suke ɗaukar ƙafar mutum a matsayin wani ɓangare na ƙwallon. Muka kara da malaman hakimi da masu awon gona. Muka sake karawa da 'yan doka, waɗanda da suka hango mu cikin fararen wanduna suka fara ihu, "Ga limamai sun iso, a tayar da iƙama!" Ɗan masuntan ya cika alkawari, bayan wasan ya bi abokina da gudu har bakin rijiya. Sakamakon waɗannan wasanni zan faɗe shi a inda ya dace. Abin da zan ce a nan shi ne, a duk tsawon lokacin ba mahalukin da ya ga gwiwar ɗan kwaleji, kuma abokina ya samu aikin yi a tsakanin azara fiye da duk wani mai tsaron gida da na taɓa gani. Yawan aikin ya gyara shi. Ya koyi faɗuwa, ya koyi tashi sama, ya koyi kama ƙwallo da ciki ya nannaɗe ta kamar mai ɓoye abin sata. Malam dai bai zo ba. Kullum aka tashi sai abokina ya dubi hanya, ya kaɗe wandonsa, ya ce, "Saura na gaba."

Wasan ƙarshe da wata makaranta daga Kano ne. Suka zo a bayan motar ɗaukar gyaɗa, wasunsu har da takalman roba. Hadari ya riga ya fara leƙowa daga gabas, mai gonar yana tsaye a gefe da garmarsa a kafaɗa don kada mu manta. Ana shirin hura usur sai na ji abokina ya kira ni da wata irin murya. Na waiga. Ga Malam nan tafe cikin farar riga, ƙanensa, wanda duk muke kira Baffa, yana biye da buzu a hammata.

Mutane suka dare. Baffa ya shimfiɗa buzun a gindin tsamiyar da take daidai tsakiyar fili. Malam ya tsaya, ya tambayi Baffa wani abu a hankali, Baffa ya nuna gidan da abokina yake tsaro. Sai Malam ya sa ƙafa ya karkata buzun, ya zauna yana fuskantar ɗaya gidan, ƙeyarsa tana kallon ɗansa.

Sai a lokacin na gane abin da ya kamata in gane tun farko. Malam ya zo duba wando a jikin mai gudu, amma ba zai iya zuba wa ɗan farinsa ido a gaban rabin Dutse ba. Dole a jikin wani zai duba. Ni kuwa ɗan gaba ne. Tun daga hura usur Kanawa suka tattara wasan gaba ɗaya suka kai shi gidanmu, 'yan wasanmu duk suka koma baya taimako. A rabin filin da Malam yake kallo ba kowa sai mai tsaron gidan Kanawa, yana jingine da azara yana ɓare gyaɗar da ya tsinta a ƙasa, sai kuma ni.

Ban taɓa jin nauyin gwiwoyina irin na ranar ba. A bayana ana ta ihu, ƙasa tana girgiza, ina jin ƙarar ƙwallo a jikin abokina. Ni kuma ina kai da kawowa cikin natsuwa, kamar wanda zai shiga gaban alƙali. Baffa, wanda ba ruwansa da alkunyar kowa, ya juya wa yayansa baya yana tsalle.

"Ya kama! Yaya, wallahi ya kama! Kai, ɗan nan! Tashi, tashi, ga wani nan!"

Malam bai motsa ba. Idonsa yana kaina.

Da aka yi hutun rabin lokaci aka sauya gida, kamar yadda dokar wasa ta ce. Ba wanda ya gaya wa Malam akwai wannan doka. Ya ɗaga kai sai ga ɗansa yana tahowa, yana shirin tsayawa daidai inda idonsa yake. Abokina ma ya gani, ya sunkuyar da kai, ya rage tafiya. Malam ya miƙe ba gaggawa, ya kaɗe rigarsa, ya juya buzun da ƙafa, ya sake zama. Mutanen da suke kusa suka yi kamar ba su gani ba. Na daɗe ina ganin ladabi a duniya, amma ban ga wanda ya fi na mutanen gindin tsamiyar nan ba.

Ana cikin zagaye na biyu abin ya faru. Ɗan masuntan ya ƙwace ƙwallo, ya tattare wandonsa da hannu ɗaya, tunda shi a bayan Malam yake, ya sheƙa da gudu, ya wuce mutum biyu, ya turo mini ita. Na duba, ba kowa tsakanina da gidan Kanawa sai mai cin gyaɗa, shi ma ya baro azara ya yi nisa. Irin ƙwallon nan ce da take zuwa sau ɗaya, tana ɗan tsalle, tana roƙon a ɗaga ƙafa a dirka mata. Na san in na ɗaga za ta shiga. Na kuma san inda wandon zai koma. Fili ya ɗauki ihu, har da muryar Bature, wanda ya manta Hausar littafi ya koma harshen uwarsa. Na saci kallon gindin tsamiya. Malam ya ɗan sunkuyo gaba, ba ƙwallon yake kallo ba.

Na jira ta sauka, na tura ta da gefen ƙafa, ƙasa-ƙasa. Ta gangara a hankali cikin mutunci. Mai tsaron gidan ya dawo da tafiya, ya sunkuya ya ɗauka, gyaɗarsa tana ɗaya hannun.

"Allah ya isa!" in ji ɗan masuntan. "Kaza ce? Ƙwai za ta fasa maka?"

 Can kusa da tashi na ji wani ihu daban a bayana, irin wanda ake yi in mutum ya faɗi da ƙarfi, sai kuma shiru, sai tafi. Daga baya aka gaya mini abokina ne ya yi tsalle ya tare wata da kowa ya ɗauka ta shiga, ya sauka da kafaɗa a kan tsakuwa. A daidai shirun nan ina kallon Malam. Wuyansa ya fara juyawa, ya kai rabi, ya tsaya. Ya daɗe a haka, yana kallon wani wuri da ba kowa, har aka fara tafi. Sa'an nan ya dawo da fuskarsa kaina.

Da aka tashi ya yafito ni da hannu. Na durƙusa a gaban buzun, ina haki ba don na yi gudu ba.

"Na duba," ya ce. "Wandon ya wadatar."

"Alhamdu lillahi, Allah ya gafarta Malam."

"Ka gaya wa abokin nan naka ya ci gaba da karatunsa. Hakimi ya riƙe alkawarinsa, ba na bukata." Ya gyara bakin rigarsa. "An ce wani ya faɗi a kan tsakuwa."

"Ya tashi, Allah ya gafarta Malam. Ƙujewa ce kawai."

"A sa masa man shanu da ɗumi. Kada a bari sai gobe." Ya miƙe, Baffa ya naɗe buzu. Har Malam ya juya sai ya tsaya. "Amma kai, tun da na zauna nake kallonka. Su na ji suna ta fama a baya. Kai mene ne aikinka a wannan wasa?"

Na ce ni ne mai jefa ƙwallo a gidan abokan karawa.

"To," in ji Malam. "Allah ya sa a dace."

Abokina yana tsaye nesa kaɗan, riƙe da kafaɗa, yana kallon ƙasa. Malam ya wuce ta gabansa, bai dube shi ba. Amma ga hanya a buɗe ta ɗaya gefen, wadda ta fi kusa da gari, bai bi ta can ba. Na je na isar da saƙon duka, har da man shanun, ko da yake ya ji komai. Ya sa na maimaita masa maganar man shanun.

Kwana kaɗan bayan haka ruwa ya sauka, mai gona ya tuge azarunmu ya jingine su a bayan aji. Kwalejin ma ba ta daɗe ba aka haɗe ta da wata a Kano, ɗakunan suka zama rumbun wani. Abokina ya gama, ya koyar a ƙauyukan da ke tsakanin Kiyawa da Jahun har ƙarfinsa ya ƙare. Akwai alƙalai da likitoci da suka fara ganin teku a ƙarshen yatsansa. Ranar da Malam ya rasu, shi ya yi masa wanka, kuma ya gaya mini ranar ce ya fara ƙare wa fuskar mahaifinsa kallo. Har ya bar duniya, in muka haɗu a wurin suna ko jana'iza, yakan dubi ƙafafuna ya ce, "Yaya amanar tawa?" Ni kuma in ce suna nan a rufe.

Shi ya sa nake cewa duk wanda zai rubuta tarihin ƙwallo a ƙasar nan, ya fara da mu. A kakar nan duka, ba mu ci ƙwallo ko ɗaya ba.